Gudun yada ƙanin wani a birnin Kano: yadda ake shiri cikin rukuni

Gudun yada ƙanin wani, wanda wasu ke kira gudun famfalaki, shi ne tseren ƙafa mai nisan kilomita 42 da mita 195, wato kwatankwacin tazarar da ke tsakanin birnin Kano da garin Wudil.

Idan a filin wasa za a yi shi, kamar filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, sai mutum ya kewaya layin tsere mai mita 400 sau 105 da kusan rabi kafin ya kammala.

Akwai kuma ƙannensa: rabin zango mai kilomita 21 da 'yan kai, da tseren kilomita 10, da na kilomita 5, waɗanda da su ne akasarin masu gudu ke farawa.

A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda ake ganin matasa da magidanta suna sassarfa a gefen titi bayan sallar Asuba, abubuwa uku ne ke yanke wa mai gudu hukunci: zafin rana, da ƙura, da cunkoson ababen hawa. Wannan ne ya sa atisaye cikin rukuni, bisa tsari na watanni, ya fi muhimmanci a nan fiye da ƙarfin mutum ɗaya.

Asalin tseren

Sunan da aka san tseren da shi a duniya, wato Marathon, sunan wani gari ne a ƙasar Girka. An ce a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wani manzo ya taho da gudu daga can zuwa birnin Atens domin kai bisharar nasarar da Girkawa suka samu a kan Farisawa, yana isar da saƙon ya faɗi ya mutu. Masana tarihi na ɗaukar wannan a matsayin hikaya, amma ita ce ta haifar da tseren.

An fara gudanar da shi a gasar Olamfik ta farko ta wannan zamani a Atens a 1896, inda wani ɗan Girka mai suna Spyridon Louis ya zo na ɗaya.

Nisan da ake amfani da shi ya samo asali ne daga gasar Landan ta 1908, lokacin da aka tashi daga fadar Windsor aka ƙare a filin wasa na White City. A 1921 hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta tsayar da shi a matsayin ma'auni.

A 1960 Abebe Bikila, wani soja ɗan Habasha, ya lashe lambar zinariya a birnin Rum ba tare da takalmi a ƙafarsa ba. Ya kuma maimaita nasarar a Tokyo a 1964.

Daga baya 'yan Habasha da Kenya suka mamaye fagen. A watan Oktoban 2019 Eliud Kipchoge na Kenya ya yi wannan nisa cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna, sai dai ba a lissafa shi a matsayin bajintar gasa ba, saboda an shirya masa gudun ne musamman. A 2023 Kelvin Kiptum, shi ma ɗan Kenya, ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a gasar Chicago, watanni kaɗan kafin rasuwarsa a haɗarin mota a Fabrairun 2024.

Matsayin Najeriya

An fi sanin Najeriya da gajeren tsere, amma tana da nata tarihin a dogon zango. Abbas Mohammed da Yohanna Waziri sun wakilci ƙasar a gudun yada ƙanin wani na gasar Olamfik ta Seoul a 1988, kuma a 1990 Abbas Mohammed ya yi awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6 a Legas, bajintar da ta shafe shekaru da dama babu ɗan Najeriyar da ya kamo ta.

A 2005 gwamnatin jihar Kuros Riba ta fara tseren hawan dutse na Obudu. A 2013 aka fara tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo. A watan Fabrairun 2016 kuma aka ƙaddamar da babban tseren birnin Legas, wanda ya tashi daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere, kuma a shekarar farko wanda ya zo na ɗaya ya karɓi dala dubu 50.

A arewacin ƙasar, jihar Kaduna ta gudanar da nata tseren na rabin zango a watan Nuwamban 2020.

A kusan dukkan waɗannan gasa 'yan gabashin Afirka ne ke kwashe manyan kyaututtuka. A rukunin 'yan gida kuwa 'yan jihar Filato ne suka fi yin fice, irin su Emmanuel Gyang da Deborah Pam.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tudu. Garin Iten na Kenya, matattarar masu gudu, yana kimanin mita 2,400 sama da teku, Jos na kimanin mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. A kan tudu iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kan ragu, don haka jiki kan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke ba mai gudu ƙarin juriya idan ya sauko ƙasa.

Ke nan Kano ba ta da wannan baiwa ta tudu. Amma sauran abubuwan da ke gina mai gudu, wato horo na yau da kullum da abokan atisaye, ana iya samar da su a ko'ina.

Al'adar da aka gada

Tafiya mai nisa a ƙasa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Fatake sun riƙa shafe watanni a hanyar Kano zuwa Gwanja domin fataucin goro, mahajjata kuma sun riƙa keta Chadi da Sudan da ƙafa. Har yau zagage na tafiya a gaban dokin sarki a ranakun hawan salla, mafarauta kuma kan yini suna keta daji.

Abin lura shi ne dukkan waɗannan tafiye-tafiye a ayari ake yin su, da madugu a gaba, da zangon da aka san za a yada. Tsarin da masu horar da 'yan tsere ke bi a yau bai yi nisa da wannan ba.

Ta fuskar addini ma, Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a karo na farko, shi kuma ya tsere mata a na biyu. A cikin sahabbai an san Salama bin Akwa'u da tsananin gudu.

Inda ake gudu

Tarauni ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin Kano da kewaye. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 28 ne, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da dubu 220. A cikinta akwai Gyaɗi-Gyaɗi da Hausawa da Unguwa Uku da Darmanawa da Daurawa.

Manyan hanyoyin yankin, wato titin Zariya, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, da titin Maiduguri da titin Gidan Zoo, suna da tsawo da shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Sai dai su ne kuma hanyoyin da tireloli da motocin haya ke bi su shiga birni su fita.

Tun bayan da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, baburan A Daidaita Sahu suka zama abin hawan jama'a, kuma su ne ke yawan ratsewa gefen titi ba zato ba tsammani, daidai inda mai gudu ke bi.

Saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne daga idar da sallar Asuba zuwa wajen ƙarfe bakwai na safe, kafin 'yan makaranta da ma'aikata su fito. Ƙa'idar da aka sani a duniya ita ce mai gudu ya fuskanci motocin da ke tahowa, ya sa riga mai haske ko mai ƙyalli, ya kuma guji toshe kunnuwansa da abin sauraren kiɗa ko karatu.

Kwalta na gajiyar da gwiwa da ƙwauri idan ita kaɗai ake bi kullum. Filayen makarantu da na ƙwallon unguwa, da wurare irin su filin sukuwa da ke Nasarawa, sun fi sauƙi ga gaɓoɓi. Masu neman ƙarfin cinya kuma suna da Dutsen Dala da Goron Dutse a cikin birni, tunda akasarin Kano shimfiɗe take.

Amfanin rukuni

Manyan 'yan tseren duniya ba su cika yin atisaye su kaɗai ba. Kipchoge ya shafe shekaru a sansanin Kaptagat ƙarƙashin mai horarwa Patrick Sang, yana kwana yana tashi tare da sauran 'yan gudu. A ranar da ya yi bajintarsa ta Vienna ma, mutum 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna daidaita masa sauri suna kuma tare masa iska.

Ga talaka mai gudun neman lafiya ma haka abin yake. A 2004 wasu mutum 13 suka fara haɗuwa ranar Asabar a dandalin Bushy da ke Landan suna gudun kilomita 5 kyauta. Wannan shiri mai suna parkrun ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ciki har da Afirka ta Kudu. A Addis Ababa kuma Haile Gebrselassie ya assasa tseren kilomita 10 a 2001, wanda ke tara dubban jama'a a kowace shekara.

Amfani na farko shi ne ɗorewa. Wanda ya san ana jiran sa a bakin masallaci ba zai koma barci cikin sauƙi ba.

Na biyu shi ne tsaro. Direba ya fi saurin ganin mutum goma fiye da mutum ɗaya, masu ƙwacen waya kuma sun fi shakkar taro. Idan wani ya yanke jiki ya faɗi, akwai mai kai shi asibiti.

Na uku shi ne daidaita sauri. Babban kuskuren sabon shiga shi ne tashi da ƙarfi, kafin kilomita biyu numfashi ya ƙare. Tsohon hannu a gaba shi ke hana hakan.

Sai dai kuma rukuni na da nasa haɗarin, wato gasar nuna isa, inda kowace fita ke komawa tsere. Maganin wannan shi ne a raba jama'a gida-gida bisa ƙarfinsu, a sa mutum ɗaya a gaba, ɗaya a baya wanda ba zai bar kowa a hanya ba.

Yadda ake gina jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko kuma mai ƙarfi, irin su gudu, na minti 75 zuwa 150. Wannan ya isa ga mai neman kariya daga hawan jini da ciwon sukari da ƙiba.

Mai son shiga tsere kuwa sai ya bi mataki-mataki. Wanda bai taɓa gudu ba kan fara da haɗa tafiya da sassarfa, sau uku a mako, kuma cikin wata biyu zuwa uku yana iya kaiwa kilomita 5 ba tsayawa.

Shirin cikakken zango kan ɗauki mako 16 zuwa 20, ga wanda tuni jikinsa ya saba. Masu horarwa kan ba da shawarar kada ƙarin nisan da ake yi a mako ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na makon da ya gabata, domin zuciya da huhu sun fi ƙashi da jijiya saurin sabawa, kuma a wannan gibi ne ake samun rauni.

Kimanin kashi 80 cikin 100 na atisayen a hankali ake yin sa, a saurin da mutum zai iya hira da abokinsa ba tare da haki ba. Ragowar ne ake ware wa gudu mai ƙarfi, alal misali minti biyu da sauri, minti ɗaya a hankali, a maimaita sau da dama.

Ginshiƙin shirin shi ne dogon gudu sau ɗaya a mako, wanda ake ƙara masa tsawo sannu a hankali har ya kai kilomita 30 zuwa 35. Mako biyu ko uku kafin ranar tsere sai a rage aiki domin jiki ya murmure.

Dalilin wannan dogon gudu shi ne, sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta kan ƙare a wajen kilomita 30. Daga nan ƙafa kan yi nauyi, kai ya ɗaure. Horo na koya wa jiki ƙona kitse tun da wuri domin ajiyar ta daɗe.

Abinci ba sai an nemo na waje ba. Tuwo da shinkafa da dankali da fura suna ba da ƙarfi, wake da ƙwai da nono da kifi suna gyara tsoka, dabino da ayaba kuma sun dace da lokacin dogon gudu.

Takalmi shi ne babban abin kashe kuɗi. Kambas ɗin gudu kan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, don haka mai sayen na gwanjo a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari ya duba ƙasansa da kyau, ya kuma zaɓi wanda ya bar ɗan sarari a gaban yatsu.

Bazara da hunturu

An fi samun sakamako mai kyau a dogon tsere idan zafi bai wuce digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Selshiyas ba. A Kano kuwa, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin rana kan kai digiri 40.

Ko ƙwararru ba su tsira daga wannan ba. A gasar duniya da aka yi a Doha a 2019, duk da cewa da tsakar dare aka fara tseren mata, 28 daga cikin 68 da suka tashi ba su kammala ba. Saboda irin wannan fargaba ce aka mayar da tseren gasar Olamfik ta Tokyo zuwa birnin Sapporo da ke arewacin Japan a 2021.

Mai gudu a zafi na iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Yana buƙatar ruwa kafin fita da lokacin gudu da bayansa, a dogon gudu kuma har da ruwan gishiri da sukari. Ɗirkar ruwa zalla fiye da kima shi ma haɗari ne, domin yana tsarma gishirin da ke cikin jini.

Alamomin da ke nuna zafi ya yi wa mutum illa su ne jiri, da amai, da tangaɗi, da rikicewar magana. Wanda aka ga haka tare da shi a tsayar da shi nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi sosai, a garzaya da shi asibiti. Jiki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokaci mafi sanyi, kuma ya zo daidai da shirin tseren Legas da aka saba yi a Fabrairu. Matsalarsa ita ce ƙura. A ranakun da hazo ya yi kauri, masu asma da masu ciwon ƙirji gara su haƙura, sauran kuma su rage ƙarfi.

Damina na kawo sauƙin zafi da tsabtar iska, amma tana zuwa da santsi, da ramukan da ruwa ya rufe, da zazzaɓin cizon sauro. Likitoci sun yi hani da yin gudu da zazzaɓi a jiki.

Azumi da sauran sharuɗɗa

Watan Ramadan na matsowa da kwana 10 ko 11 a kowace shekara, don haka yakan faɗo a kowane yanayi. A 2012 ya zo daidai da gasar Olamfik ta Landan, abin da ya sa 'yan wasa Musulmi da dama suka nemi fatawa.

Ga mai atisaye a gida, hanya mafi sauƙi ita ce a rage nisa da sauri, a yi ɗan gajeren gudu gab da buɗa-baki, ko a bari sai bayan sallar Asham. Dogon gudu bayan sahur a lokacin bazara na nufin yini guda babu abin mayar da gumin da aka zubar.

Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda ke jin ciwon ƙirji idan ya yi aiki, ya kamata ya ga likita kafin ya fara.

Haka nan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya na ɗauke da rukunin jini na AS. Akasarinsu na iya wasanni lami lafiya, amma tsananin wahala tare da zafi da ƙishirwa na iya jefa su cikin haɗari, don haka sanin rukunin jini na daga cikin shiri.

Shan ƙwayoyin kashe ciwo kafin dogon gudu na iya cutar da ƙoda, musamman idan jiki ya bushe. Tramadol kuwa, wanda wasu matasa ke sha domin ƙarin kuzari, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga watan Janairun 2024.

Mata a fagen

Sai a 1984 aka fara barin mata su yi gudun yada ƙanin wani a gasar Olamfik. A 1996 Fatuma Roba ta Habasha ta zama 'yar Afirka ta farko da ta lashe shi. A 2024 Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai wakiltar ƙasar Holan, ta yi nasara a birnin Paris, ta kuma karɓi lambarta sanye da hijabi.

A Kano, al'ada da yanayin titi sun sa ba kasafai ake ganin mata na gudu a bainar jama'a ba, alhali buƙatarsu ta motsa jiki daidai take da ta maza. Wurare masu katanga, kamar harabar makarantu da rukunin gidaje, tare da rukuni na mata zalla da tufafi masu yalwa marasa nauyi, su ne ke buɗe musu hanya.

Abin da ake buƙata

Gudu na daga cikin wasanni mafi arha, tunda ba ya buƙatar ƙwallo ko raga ko doki. Abin da shirya tsere a birni ke buƙata shi ne hanyar da aka auna daidai, da rufe titi na 'yan sa'o'i tare da taimakon jami'an KAROTA da 'yan sanda, da wurin shan ruwa a kowane kilomita 5 ko ƙasa da haka, da motar ɗaukar marasa lafiya.

Tushen kuma yana makarantu. A Kenya da Habasha, akasarin zakarun an gano su ne a gasar gudun ƙetare daji ta 'yan makaranta. A Najeriya ma gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai ita ce wurin farko da yaro ke gwada gudun mita 1,500 ko 5,000, kuma malamin wasannin da ya lura da shi a ranar shi ne mai horar da shi na farko.